Baiwa da Naci a Kiɗan Fada: Nazari Daga Tibati

Idan mawaƙi ya burge mutane, sai ka ji ana cewa baiwa ce, wasu ma su ce aljanu ke ba shi waƙa. Maganar baiwa gaskiya ce, amma ita kaɗai ba ta isa ta bayyana yadda mutum ke zama gwani ba. Kiɗan fada a garin Tibati da ke yankin Adamawa na Kamaru ya ishe mu misali.

Haman Sambo ne ya kafa masarautar Tibati a ƙasar Bute a farkon rabin ƙarni na 19, zamanin Modibbo Adama. Fatake Hausawa sun bi hanyar Tibati domin hauren giwa da goro, kuma kamar sauran fadojin Fulani irin su Ngaundare da Garwa, algaita da kakaki da ganga suka zama muryar sarauta. Jamusawa sun ci garin da yaƙi a 1899, Faransawa suka gaje su, aka sami 'yancin kai a 1960, amma busa ba ta yanke ba. Abin da ya riƙe ta shi ne ƙa'ida: Juma'a na da nata kiɗan, Sallah na da nata, fitowar Lamiɗo na da nata.

Dubi mai algaita da kyau. Kumatunsa sun kumbura, leɓɓansa sun manne da faifan bakin algaitar, sauti na fita ba tsayawa. Yana shaƙar iska ta hanci ne alhali wadda ya tara a baki tana ci gaba da fita. Babu aljanin da ke koyar da wannan. Yaro yakan fara ne da ɗaukar kayan maigidansa, ya yi shekaru yana sauraro, ya haddace taken sarki da na hakimai, kafin a ce masa, “To, busa mu ji.” Ranar da ya ƙara wani lanƙwaso nasa na kansa a cikin tsohon take, jama'a za su ce baiwa ta sauka. Sun ga rana ɗaya, ba su ga shekarun da suka haife ta ba.

Haka abin yake a ƙasar Hausa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take. Sai dai Bafulatanin Musawa ne da bai gaji kiɗa ba, ya yi tallan goro yana rera waƙa, ya shafe shekara fiye da hamsin yana fita fage da masu kalangu da 'yan amshi. Wannan nacin ne ya mayar da shi Dakta Shata na Jami'ar Ahmadu Bello.

A nan ne darasi mafi girma yake. Aikin kullum ba waƙa kaɗai yake gyarawa ba, har mai yin ta yake sauyawa. Yana koya wa mai gaggawa haƙuri, ya koya wa mai surutu sauraro, ya mayar da yaron gida maigida.

Saboda haka matashin Tibati ko Garwa da ke naɗar waƙa a sutudiyo, ko yake rubutu a waya, kada ya zauna jiran ranar da basira za ta zo. Ya ware lokacinsa, ya nemi na gaba da shi, ya riƙa yi kullum ko da daɗi ko babu. Baiwa ta Allah ce, amma a bakin aiki take samun mutum.