Flammarion da Tauraruwar Dembo: Ina Magadansu?

Duk wanda ya kwana a Kankiya ko Kusada daren da babu wuta ya san yadda sama ke cika da taurari. Tsofaffinmu suna nuna Kaza da 'Ya'yanta, suna lissafin damina da ita. Sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba. Sai dai in muka leƙa littattafan da ke yawo a wayoyinmu, da ƙyar za mu ga mai ɗaga kai sama.

A Faransa akwai wasu 'yan'uwa biyu, Camille da Ernest Flammarion. Camille masanin taurari ne, Ernest kuma mai buga littattafai. A 1880 suka fitar da Astronomie populaire, wato ilimin taurari don talaka. Camille ya rubuta shi da harshen da mai shago zai gane, Ernest ya kai shi kasuwa, aka sayi kwafi fiye da 100,000. Kamfanin yana nan da sunansu har yau.

Mu ma mun taɓa kama wannan hanya. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, NNPC ta Zariya ta buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. Ƙarfin littafin shi ne Dembo bai tsaya yi mana lacca ba. Ya sa yaro irin namu a gaba, muka bi shi da mamakinsa. Inda aka samu cikas kuwa, kasuwar irin waɗannan littattafai makaranta ce. Da ta yi sanyi, sai hanyar ta toshe. Adabin kasuwar Kano ya samu masu saye, amma galibi ya karkata ga soyayya da zaman aure.

Yau matsalar ta juya. Marubuta suna sayar da labari babi-babi ta WhatsApp, babu kuɗin ɗab'i, babu jiran kamfani. Aikin Ernest waya ta ɗauke mana shi. Wanda muka rasa shi ne Camille: marubucin da zai zauna da manomin Kusada ya ji sunayen taurari daga bakinsa, ya haɗa da abin da kimiyya ta gano, ya ƙulla labari mai daɗi.

Masu wannan sani kullum raguwa suke yi. In ba mu rubuta ba tun suna raye, jikokinmu za su san Kaza da 'Ya'yanta da sunan Turanci kawai.