Lamba 67: sharhi a kan awon basira, tare da misalai daga Ɗan Issa

1. Gabatarwa

A shekarar 2002, Richard Lynn, masanin halayyar ɗan Adam daga Birtaniya, da Tatu Vanhanen, masanin siyasa daga Finlan, suka fitar da littafi mai suna IQ and the Wealth of Nations. Da'awarsu ita ce arzikin ƙasa yana bin basirar mutanenta, ita kuma basira galibinta gado ce. Sun jera ƙasashe 185, kowace da makinta, bisa ma'aunin da ya ɗauki 100 a matsayin makin matsakaicin mutumin Birtaniya. Nijar ta samu 67. A wajen likitocin ƙwaƙwalwa, wanda ya kasa kai 70 ana fara zaton yana da naƙasar fahimta. Watau in an yarda da wannan lamba, fiye da rabin mutanen ƙasar nan naƙasassu ke nan. Da littafin ya tsaya a kan kanta yana shan ƙura, da ba mu tono shi ba. To amma taswirorin da aka zana da lambobinsa har yanzu suna yawo a intanet, kuma yaron da ya gan su a waya ba ya da hanyar sanin asalinsu. A cikin wannan maƙala za mu duba inda lambar ta fito, sa'an nan mu gwada da'awar gado da abin da ke faruwa a Ɗan Issa, cikin gundumar Madarunfa, a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya.

2. Inda lambar ta fito

Cikin ƙasashen nan 185, guda 81 ne kawai marubutan suka samu wani gwaji da aka yi a cikinsu. Sauran 104 ƙiyasi aka yi masu daga makin maƙwabta. Nijar tana cikin waɗannan: ba a gwada ko yaro ɗaya ba a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, makin Najeriya aka ara mata. Shi kuma makin Najeriya daga bincike biyu ya fito, na Wober a 1969 a kan manya 86, da na Fahrmeier a 1975 a kan yara 375 a arewacin ƙasar. Mutum 461 ke nan aka auna ƙasashe biyu da su, masu mutane sama da miliyon 130 a lokacin. Abin lura a nan shi ne, binciken Fahrmeier tun daga sunansa tasirin zuwa makaranta a kan fahimtar yara yake nema. Tambayarsa a kan muhalli take, sai aka ɗauke makin aka kafa hujjar jini da shi.

Ba Nijar kaɗai aka yi wa haka ba. Ƙasar Ikwatoriyal Gini ta samu 59, daga baya aka gano yaran da aka gwada suna wani gidan kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa ne a Sifen. A 2010 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Holan suka sake bin binciken da aka yi a Afirka, suka nuna cewa Lynn ya yi ta zubar da waɗanda makinsu ya yi sama, kuma in an haɗa duka matsakaicin yana kusa da 80 ne.

Shi kansa gwajin yana da nasa ciwo. Wanda aka fi amfani da shi, na Raven, zane-zane ne a jere da gurbi guda, a ce yaro ya zaɓi abin da ya dace da gurbin. Ana cewa ba ruwansa da harshe ko al'ada. Amma fa yana bukatar yaron da ya saba da takarda, ya saba bin layi daga hagu zuwa dama, alhali almajirin allo daga dama yake farawa. Yana kuma bukatar yaron da zai zauna gaban baƙo ya ba da amsa da sauri, abin da a gidajenmu ake kira rashin kunya. Ko kalmar ma ba ta zauna ba. Abin da Faransanci ke kira intelligence, Bahaushe ya rarraba shi: akwai basira, akwai hazaƙa, akwai wayo, akwai hankali, kuma yaro mai hankali shi ne natsattse mai ladabi, ko da ba ya ɗaukar karatu da wuri. Alfred Binet da ya ƙirƙiro irin wannan gwaji a Faransa a 1905, nufinsa a gano yaran da ke bukatar taimako a lakwal ne, kuma ya ƙi yarda a ce makin abu ne kafaffe.

3. Rabon gado

Ba mu cewa gado ba ya da rabo. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma bincike bai ƙaryata shi ba. Nazarin tagwayen da aka raba tun suna ƙanana, wanda Thomas Bouchard ya buga a Amurka a 1990, ya danganta kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin makinsu ga gado. Sai dai wannan adadi yana magana ne a kan bambanci tsakanin mutanen da suka tashi cikin hali kusan iri ɗaya, da ƙoshi da makaranta. Richard Lewontin ya bayyana wannan tun 1970 da misalin iri, misalin da manomin Madarunfa zai gane nan take. A ɗebi gero daga buhu ɗaya, a shuka rabi a gonar da ta sha taki kusa da gulbi, rabi a jigawar da ta gaji. A cikin kowace gona wani kara zai fi wani tsawo, wannan daga iri ne. Amma ratar da ke tsakanin gonakin biyu daga ƙasa ne kaɗai, tun da buhun ɗaya ne. Kuskuren littafin Lynn da Vanhanen shi ne ya ɗauki hujjar cikin gona ya yi bayanin tsakanin gonaki da ita.

An ma ga abin da ke faruwa in an sauya gona. A Faransa, Michel Duyme da abokan aikinsa sun bi yaran da aka ɗauka riƙo suna da shekara 4 zuwa 6, makinsu ƙasa da 86. Sakamakon da suka buga a 1999 ya nuna waɗanda suka shiga gidajen talakawa sun ƙaru da maki kusan 8, na gidajen masu hali kuwa kusan 19. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike masu yawa ya samu cewa kowace shekarar makaranta tana ƙara maki 1 zuwa 5. Jinin yaran nan bai sake ba.

4. Ɗan Issa

Yanzu sai mu koma gonar da kanta. Ƙwaƙwalwa nama ce, da sinadarai ake gina ta, kuma mafi yawan ginin yana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2. Jihar Maraɗi rumbun gero ce, amma ita ce ta fi jin jiki a yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara masu tamowa sama da 60,000 a Nijar, har ta buɗe cibiya a Ɗan Issa. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi daga 2019 zuwa 2022 ya yi ta nuna cewa fiye da rabin yaran jihar ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Ga zazzaɓin cizon sauro kowace damina, ga ƙarancin jini. Ga kuma aidin, sinadarin da ake sa wa gishiri, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo: nazarin Bleichrodt da Born na 1994 ya samu ratar maki 13.5 tsakanin al'ummomin da ke samunsa da waɗanda ba su samu. Dalma kuwa, maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, sa'ad da ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. Wannan darasi ya shafi Ɗan Issa kai tsaye tun da aka samu zinariya a yankin a 2021, shekarar da rami ya rufta da mutum 18 aƙalla a Garin Liman, cikin watan Nuwamba.

Daɗa ga batun harshe, wanda ya fi kusa da aikinmu. Gwajin PASEC na 2014 ya samu cewa yaran ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Mai saurin hukunci zai ce ga shaidar 67. Amma mu ɗauki tambayar fizik da shimi irin ta kwaleji: me ya sa zinariya ke kwantawa a gindin kasko, yashi ya bi ruwa? Amsar ita ce in girmansu ɗaya ne, zinariya ta fi yashi nauyi sau 7, tun da ita 19.3 ce, shi kuma kusan 2.6. Matashin da ya yi wanki a bakin rami ya san wannan da hannunsa. Uwarsa ta san shi a wajen shiƙa, inda iska ke ɗauke ƙaiƙayi ta bar tsaba. Ta kuma san kanwa na sa wake ya nuna da wuri, in ta haɗu da ruwan tsamiya ta yi kumfa, abin da littafin shimi ke kira haɗuwar acide da base. A tambayi yaron nan da Faransanci ma'anar masse volumique, sai ya yi shiru, a ba shi sifili. A ganinmu sifilin nan na harshe ne kafin ya zama na basira. Ba mu ce sanin hannu ya isa ba; mai wanki ba ya iya lissafa adadin sai an koya masa, kuma koyarwar ita ce aikin lakwal.

Hanyar rabe abin ba ta da tsada. A yi wa ɗaliban aji guda tambayoyi iri ɗaya, rabi da Hausa rabi da Faransanci, a auna jininsu, a duba gishirin gidansu, a rubuta shekarun da kowa ya yi a aji. Nijar ta fara makarantun gwaji da harsunan gida tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, kundin 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa. Sai dai kafin a rubuta takardar gwajin da Hausa akwai aikin kalmomi da ke jiran sassa irin namu. Misali, kalmar nauyi ita ce ke ɗauke da masse da poids duka biyu, alhali darasin farko na fizik ya raba su, kuma tambayar kaskon nan da muka kawo a sama ba ta amsuwa daidai sai an raba.