Takardar Unguwannin Alewa da Aka Turo Mini Daga Minesota

  

Ƴan uwa masu karatu, wannan karon ba littafi zan duba muku ba kamar yadda muka saba. Takarda ce mai shafi biyu, wani tsohon ɗalibina ya turo mini ita ta WhatsApp daga Amurka. A gabana ya karanta Ajrumiyya nan Damagaram. Yanzu babbar mota yake tuƙawa a jihar Minesota, yana zaune da iyalinsa a wani ƙaramin gari da ake kira Anoka, arewa da birnin Miniyapolis. Ɗiyarsa ta fari, mai shekara bakwai, ita ta karɓo takardar wurin wata ƴar ajinsu. Jerin unguwanni ne, waɗanda wai sun fi dacewa iyaye su kai yaransu yawon karɓar alewa a daren Halowin. Ya fassara mini ita da murya, layi bayan layi, sannan ya ce: "Malam, yarinyar nan ta hana ni sakat, duk ƴan ajinsu za su fita. Wace unguwa ce ta fi, kuma ma abin ya halatta?" Na ce masa, ɗana, tambaya biyu ka zuba mini a ƙwarya guda, bari in rarrabe su.

Ga wanda bai san abin ba: ran 31 ga Oktoba da yamma, yara su yi shigar ɓad-da-kama, wani ya zama ƙwarangwal, wata mayya, wani gwarzon fim, su riƙe jaka ko ɗan bokiti suna bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Kalmar da suke faɗa wa mai gida ma'anarta ita ce, a ba mu ko mu yi ɓarna. Gidan da ya kunna fitilar ƙofa, ya ajiye kabewa da aka fafe aka yi mata ido da baki, ya shirya ke nan. Wanda ya kashe fitila, a wuce shi. Sunan Halowin kansa yana nufin jajibiri, wato jajibirin 1 ga Nuwamba, ranar da coci ta keɓe wa tsarkakanta. Masana tarihi da yawa kuma suna danganta shi da wani bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan da Sukotlan tun kafin Kiristanci ya je musu, lokacin da suke ganin matattu na kusantar masu rai. Ƴan ƙaura daga can su suka kai shi Amurka, musamman bayan yunwar Ailan ta shekarun 1840. Yawon alewa irin na yau bai game ƙasar ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka daina rabon sukari da awo a 1947.

Allah da ikonsa, ɗalibin nan nawa a cibiyar abin ya sauka. Anoka gari ne da mutanensa ba su wuce 18,000 ba, amma suna kiran kansu babban birnin Halowin na duniya. Dalili kuwa, kafin 1920 samarin garin sun mayar da daren na ɓarna: a kwance shanun mutane a wayi gari suna yawo bisa babban titi, a kifar da makewayin katako, a shafe tagogi da sabulu. A 1920 sai manyan gari suka zauna suka ce a shirya wa yaran nan jerin gwano da rabon alewa da gyaɗa, a shagaltar da su. Ɓarna kuwa ta lafa. Ni dai wannan dabara ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Mu nan in yara suka fitine mu, bulala muke fara nema.

To mu koma kan takarda. Adalci shi ne in fara da abin da ta yi daidai, kuma ba kaɗan ba ne. Ta ce a nemi unguwar da gidaje suke kusa da juna, mai hanyar ƴan ƙafa a gefen titi, mai fitilu, wadda motoci ba sa gudu a cikinta. Wannan magana ce ta rai da mutuwa. Akwai binciken da mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta fitar a 2018, an duba haɗurran shekara 42, daga 1975 zuwa 2016. An samu cewa mutuwar masu tafiya a ƙasa tana ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a yammacin Halowin in aka gwada da sauran ranaku, ga yara ƴan shekara 4 zuwa 8 kuwa haɗarin ya ninka kusan sau goma. A Minesota rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida a ƙarshen Oktoba, daidai lokacin da ake fita, yaro sanye da baƙin tufa, fuskarsa a rufe ba ya ganin gefe. Da na ji haka sai na tuna hadisin Jabir a Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a tsare yara a gida lokacin shigowar duhu. Iyayenmu mata da ke korar mu cikin gida da magariba, ashe ba su yi wauta ba.

Inda takardar ta karkace shi ne ma'auninta na gaba. Unguwa ta ɗaya, in ji ta, can ne ake ba da babban sandan cakulan, ba ƙananan da ake saye a buhu ba. Ta biyu, gidajen manya ne, an kashe kuɗi wurin ado. Ta ba da shawara a je da wuri don a samu wurin ajiye mota. Kun ji fa, mota. Wato uba ya ɗauki ɗansa ya wuce ƙofar maƙwabcinsa na dama da na hagu, ya tuƙa shi zuwa ƙofar wanda bai taɓa gani ba, saboda alewar can ta fi girma. Mai takardar bai ƙirƙiro wannan ba, koyi ya yi. Kamfanin dillancin gidaje na Zillow ya yi shekaru yana fitar da irin wannan jeri na manyan birane, sau da yawa San Faransisko ke kan gaba, kuma cikin abubuwan da yake aunawa, tare da kusancin gidaje da yawan yara da ƙarancin laifi, akwai tsadar gidajen unguwa. Hujjarsu, mai tsadar gida ya fi sakin hannu. Dillalin gida ya ce maka unguwa mai tsada ita ce unguwar kirki, ai ka san abin da yake sayarwa.

Sannan hujjar ma ba ta tsaya ba. A 2014 wani mazaunin unguwar attajirai ya rubuta wa mai ba da shawara ta mujallar Slate yana kukan cewa yaran talakawa na cika musu unguwa a daren, shi kuwa yana biyan haraji, me zai sa ya ciyar da su. Matar ta ba shi amsa mai zafi, mutane suka yi ta yaɗa ta. Amma wasiƙar ta tona abin da jerin ke rufewa. Yaron da aka kawo a mota baƙo ne, kuma yana gane hakan daga yadda aka buɗe masa ƙofa. A Amurka taswirar tsadar gidaje ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun 1930 hukuma ta zana wa unguwannin baƙar fata jan layi, bankuna suka guje su. A Miniyapolis ɗin nan, masu bincike na Jami'ar Minesota sun tono dubban takardun gidaje da aka rubuta a ciki cewa kada a sayar wa wanda ba farar fata ba. Sai a 1968 dokar ƙasa ta haramta wariyar gidaje. To yarinya Bahaushiya, baƙa, ɗiyar direba, in aka ce mata ga unguwannin kirki kuma tasu ba ta ciki, wane karatu aka biya mata game da gidan ubanta?

Ku gwada wannan da hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, shi ma a Bukhari. Ta tambaya cewa tana da maƙwabta biyu, wa za ta fara kai wa kyauta, aka ce mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Da ƙofa aka auna. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa a jerin waɗanda ake kyautata wa, malamai kuma sun ce wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke. In akwai wani alheri a yawon nan na gida-gida, to shi ne dare guda a shekara da Ba'amurke yake buɗe wa yaron maƙwabcinsa ƙofa ya ga fuskarsa. Shi ne kuma takardar ta jefar, ta riƙe alewa. Ba mamaki, ƙungiyar ƴan kasuwar ƙasar ta ƙiyasta dalar Amurka biliyan 12.2 za a kashe a Halowin na 2023, biliyan 3.6 daga ciki a kan alewa kawai.

A ƙasan shafi na biyu ta yi gargaɗi a binciki alewa kada baƙo ya sa guba, ta ce wanda ke tsoro ya kai yaransa filin ajiye motoci na coci ko na makaranta, inda ake buɗe bayan motoci ana rabo. Binciken abin da yaro zai ci ba laifi ba ne. Amma wani malamin jami'a mai suna Joel Best ya shafe shekaru yana bin labaran gubar nan, bai samu yaro ko ɗaya da baƙo ya kashe da alewar Halowin ba. Shari'ar da ta fi shahara, ta Tekzas a 1974, uban yaron ne da kansa ya sa masa guba don kuɗin inshora, wa'iyazu billahi. Ana tsoratar da mutum da maƙwabcinsa, ana mantar da shi motar da ke bisa titi.

Saura tambayarsa ta biyu. Abin da na fahimta, kuma shi na faɗa masa, kada ya fitar da ita. Na san akwai malamai a can da suke sassautawa, suna cewa yau abin ya zama wasan yara babu ibada a ciki, kuma mafi yawan masu yin sa ba su ma san asalinsa ba. Ban raina maganarsu ba, su ke zaune a wurin. Sai dai hadisin Anas a Abu Dawuda da Nasa'i ya nuna mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa tun jahiliyya, aka musanya musu su da Ƙaramar Salla da Babba, alhali su ma wasa suke yi. Ga kuma adon kaburbura na ƙarya a ƙofar gida, da mayar da maita da fatalwa abin dariya. Mu da muke koya wa yaro yin sallama ga mutanen maƙabarta, wannan ba ya zama mana daidai. Amma na gargaɗe shi da abu guda: kada ya hana ta da tsawa, kada kuma ya ce mata ƙawayenta shaiɗanu ne. Yarinya mai shekara bakwai alewa take so da tafiya cikin ƙawaye. Ya saya mata cakulan da kuɗinsa, ya haɗa ta da yaran Musulmi a masallaci a daren, tunda Minesota cike take da ƴan uwanmu Somaliyawa, kuma in Salla ta zo ya ɗauki hutun aiki ya yi mata Sallar da za ta ba ƴan ajinsu labari.

Ina cikin yi masa wannan bayani sai kunya ta kama ni, don na ga takardar nan a garinmu, ba a rubuce ba. Muna yara, in azumi ya kai goma muna tashe, da Salla muna yawon barka da Salla, ba mu tsallake gida a Birni ko Zango. Tsohuwar da ba ta da komai ta ba mu tafin gero ko dabino biyu, ta tambayi ɗan wane ne, ta sa mana albarka, gobe in ta gan mu muna faɗa ta ja mana kunne da ikon wannan geron. Bana da Ƙaramar Salla na ga yaran layinmu sun haɗa kuɗin adaidaita sun nufi sababbin unguwanni, sun yi cirko-cirko gaban ƙofofin ƙarfe, maigadi na kora su. Jerin gidajen da ake ba da jikka yana cikin kansu, sun hardace shi fiye da Ahalari. Jikana yana cikinsu.

Kafin mu yi sallama na tambayi ɗalibin nawa su waye a gidan da ke jikin nasa. Ya ce wata tsohuwa ce Baturiya, ita kaɗai, shekara uku suna ɗaga wa juna hannu daga mota. Na ce mene ne sunanta? Ya yi shiru. Na ce to maiɗakinka ta ƙara ruwa a miyar Juma'a, ka riƙe hannun ɗiyarka da rana tsaka, da fuskarta a buɗe, ku ƙwanƙwasa mata. In ƙanƙara ta sauka, ka share mata ƙofa kafin ka fita aiki. Ya ce, "To Malam, in sha Allahu." Na ce ya turo mini sunan in ya samo. Yau kwana tara ina duba wayar.