Magana a kan Sa'uɗun Mutanen Hindu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, ka tambaye ni batun ɗura magani a hanci da masanan ɗibbun Hindu, Ayurbeda, suke ce wa nasya, Larabawa kuwa sa'uɗu. Ka sani iliminsu ba baƙo ba ne ga magabata, domin Aliyu bin Rabban Aɗ-Ɗabari ya taƙaita maganar Caraka da Sushruta cikin Firdausul Hikma a shekara ta 850 Miladiyya.

Asalin zancensu shi ne hanci mashiga ce ta kai, abin da aka ɗura cikinsa yana fitar da cutar da take sama da wuya. Sai a shafa wa mutum mai a fuska, a yi masa gashi, ya kwanta rigingine, a ɗiga masa man riɗi da aka dafa da magunguna. Wagbata ya raba shi biyu: marsha, ɗigo 6 ko 8 ko 10, da pratimarsha, ɗigo 2 kullum. Na yaba masa sharuɗɗansa. Ya hana marsha ga mai ciki, da wanda bai kai shekara 7 ba, da wanda ya wuce 80.

Amma ina da ja a wurare. Ɗigonsu shi ne abin da ya zubo daga gaɓa biyu na manuniya in an tsoma ta a mai. To, yatsan maƙeri da na yarinya ɗaya ne? Wannan ba ma'auni ba ne. Sa'an nan Caraka ya ce mai lizimtarsa ba ya furfura. Da'awa ce ba hujja, kuma ni da gemuna ya yi fari fat na fi kowa son ta tabbata. Mafi girma, likitocin zamani sun tabbatar mai yana iya silalewa zuwa huhu ya taru, ya haifar da ciwo, musamman ga jariri da tsoho, alhali pratimarsha an halatta musu shi tun haihuwa har mutuwa.

Wasu almajirai suna kafa hujja da hadisin Ummu Ƙaisin kan ƙusɗul Hindi, da ruwayar Ibnu Abbas cewa Annabi ya yi sa'uɗu. Duka suna cikin Buhari. Sai dai halaccin aiki daban, ingancin kowane haɗi da ake sayarwa a kwalba daban.

Mai azumi kuwa, a mazhabar Maliku, in ya ɗura da rana ya isa maƙogwaro, ramuwa ta hau kansa. Wallahu a'alamu.