Sharhi a Kan Masu Sharhin Wasan Go

Go wasa ne na Sin, Japan da Koriya, mai kama da dara. Mutum biyu ke ɗora duwatsu, baƙaƙe da farare, a kan allo mai mahaɗa 361, kowa na neman kewaye fili mafi yawa. Masu koyo da yawa sukan dogara ga sharhin gwanaye, irin na Gasar Kofin NHK a talabijin ɗin Japan.

Tsarin sharhin abin yabo ne. Gwani na tsaye gaban babban allo, mataimaki na yi masa tambayoyin da ɗan koyo ke jin kunyar yi. Ta haka ido ke sabawa da kyakkyawan zubi.

Aibinsa kuwa shi ne sauri. Gwani yakan jera duwatsu goma, ya kwashe su nan take, mai kallo na gyaɗa kai, yana zaton ya gane. Alhali gani ba ci ba ne. An ba shi amsa, ba a nuna masa wahalar nemanta ba.

Dubi karawar Lee Sedol da na'urar AlphaGo a Seoul cikin 2016. Dutse na 37 a wasa na biyu ya ba Michael Redmond, gwani mai daraja ta tara, mamaki. Dole ya dakata ya yi lissafi a gaban jama'a. Wannan dakatawa ta fi dogon bayani amfani.

Saboda haka, ɗan koyo ya riƙa tsai da hoton, ya zaɓi nasa dutsen, sa'an nan ya saurari gwani.