Allon Tela da Bakin Dillali: Tallan Kayan Maza a Zangunan Accra

Wanda ya bi babban titin Nima ana saura mako biyu Salla ko Kirsimeti zai ji ƙarar kekunan ɗinki har tsakar dare. Idan ya ɗaga kai zai ga talla iri biyu a bisa ƙofofin shaguna. Akwai tsohon allon katako wanda fentinsa ya koɗe, an zana mutum cikin babbar riga, an rubuta sunan mai shago a ƙasa. Kusa da shi kuma akwai sabon kyallen roba mai sheƙi wanda na'ura ta buga, cike da hotunan samari cikin kaftani. Yawancin masu wucewa za su ce sabon ya fi kyau. Amma talla alkawari ne, kyan alkawari kuwa cikawa. Da wannan mudu ya kamata a auna su, tsohon da sabon duka.

Cinikin tufafin maza ya girmi Nima nesa. Fataken Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro, jakunansu ɗauke da turkuɗi da kore na marinar Kano da rigunan Nufe. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku. A Accra, Hausawa sun fara zama a tsakiyar gari, wajen da ake kira Zongo Lane. Daga baya Malam Baƙo ya kafa Sabon Zongo, sa'an nan a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun mutanen Ga na Osu, aka kafa Nima. Maamobi ta tashi a gefenta. Leburori da tsofaffin sojoji daga arewa suka cika wurin, Musulmi da Kirista, Hausa ta zama harshen ciniki a tsakaninsu.

A wancan zamani riga ba ta da shago. Tana zaune a zauren maigida, a naɗe cikin akwati, ko a kafaɗar dillali yana zagaya kasuwa da ita. Tallanta na baki ne. Dillali zai warware ta, ya nuna saƙi ce ko tsamiya, ya ƙirga askar da ke gabanta, biyu ce ko takwas, ya juya cikinta a ga shafi. Mai saye yana taɓawa da hannunsa, ya ɗaga ta a rana. Dillali yakan yi zuƙi, wannan kowa ya sani. Duk da haka akwai linzami a bakinsa: gobe ma a kasuwar zai wuni, maigidansa kuma sananne ne. Idan baba ya zuba ko zare ya tsinke kafin lokaci, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tela ma haka. Babban tallansa shi ne rigar da wani dattijo ya sa zuwa Idi ko ɗaurin aure, mutane suka bi shi da tambaya, wa ya ɗinka? Gani ya kori ji.

Talla na biyu ya fito daga manyan kantunan Turawa na cikin gari. Ɗaya daga cikinsu, UTC, tushensa na mishan ne. Mishan ta Basel ta iso Osu a 1828, a 1859 kuma aka kafa mata kamfanin ciniki, wanda daga jikinsa UTC ya fito. Ɗayan shi ne Kingsway na kamfanin UAC, wanda ya buɗe sabon babban kantinsa a Accra a 1957, shekarar samun 'yancin kai. Waɗannan kantuna sun kawo tagar gilashi da mutum-mutumi sanye da kwat, da farashi a rubuce, da sanarwa a jaridu irin su Daily Graphic, wadda aka fara bugawa a 1950. Dole a yaba musu abu ɗaya. Farashin da aka rubuta ya daidaita mai baki da marar baki, baƙo da ɗan gari. Laifin tallansu a wani wuri yake. Ba ya tsayawa a kan ingancin yadi. Matsayi yake sayarwa. Mutumin da ke cikin hoton akawu ne ko malamin makaranta, da laktaye da takalmi sau ciki, saƙon kuwa a fili yake: wayewa tana cikin kwat. Samari da yawa da suka fito daga makarantun mishan sun ɗauki wannan darasi fiye da kima, har suna ganin rigar ubansu abin kunya ce a shiga da ita majami'a. Kwame Nkrumah ya ba da amsa mai kyau a daren 6 ga Maris 1957, sa'ad da ya tsaya da abokansa cikin batakari na arewa ya yi shelar 'yanci. Babu allon da ya taɓa yi wa rigar arewa talla irin wannan.

Allon fenti na telan zango ya tsaya tsakanin waɗannan biyu, shi ne kuma ya fi cancantar a dube shi da kyau. Daga kanti ya ari hoto da rubutu, daga dillali ya riƙe suna. Mai zane yakan jera siffofi uku ko huɗu: babbar riga, kaftani, 'yar shara, wani lokaci da kwat a ƙarshe, domin tela ɗaya ke ɗinka wa alhaji da dattijon ikilisiya. Sau da yawa kan mutumin ya fi jikinsa girma, hannuwan kuma a sandare. Masu raina allon a nan suke tsayawa. Amma a lura da inda mai zanen ya kashe lokacinsa: wuyan riga da aljihu. Nan yake bin zanen aska layi layi, gama ya san nan idon mai saye zai sauka. Wanda bai iya karatu ba ya gane abin da ake yi a shagon daga tsallaken titi. Abin da aka zana kuma shi ne abin da mai shago ya iya, domin idan ya sa a zana abin da ya fi ƙarfinsa, maƙwabta ne za su fara yi masa dariya.

Kada a ɗauka zamanin nan na da ba shi da aibi. Alkawarin tela ya zama abin ba'a tun tuni, akwai kuwa yaran da suka yi kuka da safiyar Salla don kayansu suna kan keke. Mai ɗinkin hannu yakan yi watanni a kan riga ɗaya, idonsa ya raunana, amma sunansa ba ya hawa allo, ribar kuma ta fi tsayawa a hannun dillali. Baƙon da ba shi da maigida yakan sayi abu da tsada. Tsarin da ya dogara ga sanin juna kuma yana da saurin karyewa idan mutane suka watse. An ga haka a Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Zanguna suka yi asarar 'yan kasuwa da masu sana'a da yawa, amanar shekaru ta tafi tare da su.

Bayan wannan sai gwanjo ya mamaye gari. Kasuwar Kantamanto, wadda gobara ta cinye babban sashenta a farkon Janairu 2025, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Mutanen Akan suna kiran kayan "obroni wawu", wato Bature ya mutu. Gwanjo ya rufa wa talaka asiri, ba mai musun wannan, amma ya ƙwace wa tela ɗinkin yau da kullum, ya bar masa na bukukuwa. Shi ya sa shagunan Nima da Maamobi suka koma ga shadda da kaftani, inda Getzner ta ƙasar Ostiriya ta zama sunan da kowa ke nema, jabunta kuma ya cika kasuwa.

A nan ne kyallen roba ya shigo, tare da hotunan WhatsApp da Facebook. Launinsa ya fi, kuɗinsa kaɗan ne, yana kai saƙo har ga 'yan zango da ke Jamus da Amurka. Tela mai ɗaukar hoton aikin hannunsa ya sa a waya bai yi laifi ba, ya ma gaji dillali ta hanya mai kyau. Matsala tana ga hoton aro. Sau da yawa kaftanin da ke jikin kyallen daga intanet aka kwaso shi, wani tela ne a Kano ko Dakar ya ɗinka, shaguna biyar a layi ɗaya suna iya rataye hoto guda. Mai saye ya biya kafin alƙalami a kan abin da mai shago bai taɓa yankawa ba. Wannan cinikin biri a sama ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Saboda haka allon katako, duk da karkataccen zanensa, ya fi kyallen aro daraja, gama akwai mutum a bayansa wanda za a iya kamawa da maganarsa. Ba lallai a koma ga fenti ba. Abin da ake bukata shi ne tela ya nuna aikinsa na kansa, ya ambaci wanda ya yi surfani, ya faɗi gaskiyar yadi, ya kuma sa ranar da zai iya cikawa. Mai saye kuma ya riƙe tambayar kakanninsa kafin ya miƙa kuɗi: wa ya ɗinka wannan, ina kuma wanda ya taɓa sa irinta?