Shanun Dutsen Birnin Kudu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, gani ma iri biyu ne, akwai ganin hoto a takarda, akwai ganin abu ido da ido. Ban san nisan da ke tsakaninsu ba sai ran da na tashi daga garinmu Illela, na bi ta Sakkwato da Kano, na isa Birnin Kudu don in dubo zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin duwatsu.

Wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, shi ya bincika zanen nan cikin shekarun 1950, ya baza labarinsa. Na sha ganin hotonsa a littafi, ina cewa wasan yara ne. Da na tsaya gaban Dutsen Mesa sai bakina ya mutu. A takarda saniyar a shimfiɗe ta ke kamar tambarin hatimi. A kogon kuwa jan launin ya kama dutse, tudu da kwarin dutsen sun ba ta jiki, in ka gusa gefe sai ka ce ita ma ta motsa.

Mu mutanen Illela ba a koya mana saniya, don kowace Lahadi kararmu cike ta ke da bokolo da rahaji. Na duba, na ga shanun nan ba su da tozo, na ce mai zane ya yi kure. Ashe kuren nawa ne. Irin shanun zamaninsa ke nan, kafin masu tozo su gaje ƙasar. Watau abin da idonsa ya gani shi ya zana.

Ba na cewa aikin ba shi da aibi. Bai kula da ido ko kofato ba, ban kuwa ga makiyayi ba. Amma ƙaho da gadon baya, inda dillali ke fara kai ido, nan ya zuba gwanintarsa.

Saura gargaɗi gare ku, 'yan'uwana da kuka gama ajin yaƙi da jahilci. Na san sabon marubuci hannunsa ƙaiƙayi ya ke yi. In Allah ya kai ku wurin, ku duba da ido kawai, kada ku shafa, kada ku rubuta sunanku da gawayi ko alli. Littafi in ya yage a sake bugawa. Wannan kuwa in ya goge, babu maɗaba'ar da za ta mayar da shi.